Numfashin da Ke Ƙarewa a Hankali: Inda Binciken Cutar Huhu ta COPD Ya Kai, da Waɗanda Ya Bari a Baya

Cutar ba ta zuwa da hayaniya. Magidanci ne zai lura cewa tafiyar da ya saba yi daga gida zuwa masallaci ba tare da tsayawa ba, yanzu sai ya dafa bango a hanya. Tari ya zame masa abin tashi da asuba, da kaki mai kauri, musamman idan hunturu ya kama. Ko kuma matar da ta shekara talatin tana tuyar ƙosai a bakin titi ta wayi gari ba ta iya ɗauko bokitin ruwa daga bakin rijiya sai ta zauna tana haki. Mutanen gida su ce tsufa ne, ko sanyi ne ya shige ta. Mai kemis ya ce asma ce, ya haɗa maganin tari da ƙwayoyi. Idan an dangana da asibiti a gwada kaki, a ce babu tibi, a sallame ta. Shekaru na tafiya numfashi na raguwa, har ranar da ƙafafu suka kumbura saboda zuciya ta gaji da tura jini cikin huhun da ya lalace.

Likitoci na kiran wannan COPD, wato toshewar hanyoyin numfashi mai ɗorewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 ta kashe mutum miliyan 3.5, abin da ya sa ta zama ta huɗu cikin cututtukan da suka fi kisa a duniya. Kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda take kashewa kafin su kai shekara 70 suna ƙasashe matalauta ne da masu matsakaicin ƙarfi. Amma kusan duk abin da aka sani game da ita, a jikin Turawa maza masu shan sigari aka koyo shi. Ilimin yana da inganci, an kuma sha wahala kafin a same shi. Tambayar ita ce ko ya isa ya yi bayanin majinyacin da ke zaune a kan bencin asibitin Kano, Sakkwato, Maraɗi ko Damagaram.

Abin da ke lalacewa

Iskar da muka shaƙa tana bin maƙogaro ta shiga bututu biyu, waɗanda ke ta rarrabuwa suna ƙara sirancewa har su ƙare a wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna ɗaruruwan miliyoyi. A bangon waɗannan jakunkuna ne iskar oksijin ke tsallakawa cikin jini. Cutar tana cin huhu ta wuri biyu. Na farko, ƙananan bututun su kumbura, su yi tabo, su cushe da majina. Na biyu, bangon jakunkunan ya ruguje, ƙanana da yawa su haɗe su zama ramuka manya marasa amfani. Wannan shi ne emfisima. Huhu mai lafiya idan ya cika yana komawa da kansa ya fitar da iska. Na mai emfisima ya zama kamar robar wandon da ta saki: ya buɗe, ya kasa komawa. Shi ya sa wahalar majinyaci ba ta shigar da iska ba ce kawai, ta fitar da ita ce. Tsohuwar iska ta maƙale, ƙirji ya bunƙasa, sabuwa ta rasa wurin zama.

Likitan Faransa René Laennec, wanda ya ƙirƙiro abin sauraren ƙirjin nan da likitoci ke ratayawa a wuya, ya bayyana emfisima a littafinsa na 1819 bayan ya ga huhun gawarwakin da ba ya lotsewa ko an buɗe ƙirji. A 1846 John Hutchinson a Landan ya fito da na'urar awon numfashi, sifiromita. Shekara ɗari bayan haka, a 1947, Robert Tiffeneau a Faris ya nuna cewa abin lura ba yawan iskar da mutum ya fitar kaɗai ba ne, har da saurin fitarta. Awon da ake yi har gobe ke nan: mutum ya cika ƙirjinsa, ya hura cikin bututu iya ƙarfinsa. Idan abin da ya fita a daƙiƙa ta farko bai kai kashi 70 cikin 100 na duk iskar da ya fitar ba, ko bayan an ba shi maganin buɗe ƙirji ya shaƙa, to akwai toshewa mai ɗorewa. Gwajin ba allura, ba ɗibar jini, bai wuce 'yan mintoci ba. Hoton ƙirji ba ya maye gurbinsa, sauraren ƙirji ma haka.

Darasin Landan

A watan Disamba na 1952 hayaƙin kwal ya haɗu da hazo ya lulluɓe Landan kwana biyar. A lissafin farko mutum kusan 4,000 suka mutu, daga baya masu bincike suka ce adadin zai iya kaiwa 12,000, da yawansu masu tsohon ciwon ƙirji. Wannan ya jawo dokar tsaftace iska ta 1956, ya kuma sa hankalin likitocin Ingila ya koma kan tarin da a da ake ɗauka wani abu ne na talakan birni da ba makawa.

Cikin masu wannan aiki akwai Charles Fletcher. Shi da abokan aikinsa suka bi ma'aikata maza 792 a yammacin Landan tsawon shekara takwas suna auna numfashinsu, kuma a 1977 shi da Richard Peto suka wallafa sakamakon da ya zama tubalin fannin. Ƙarfin huhun kowa yana raguwa da shekaru, a hankali. A wasu masu shan sigari, ba duka ba, raguwar tana gudu. Wanda ya daina ba ya dawo da abin da ya rasa, amma gangarowar tana lafawa ta koma kusa da ta sauran mutane. Sun kuma nuna wani abu mai ban tsoro: mutum na iya asarar babban kaso na huhunsa kafin ya ji wani abu da zai kai shi asibiti.

An jarraba wannan a gwaji na gaske a Amurka da Kanada, inda aka ɗauki masu shan sigari 5,887 da cutar ta fara taɓawa. Aka ba wasu taimako mai ƙarfi na daina shan taba, aka bar wasu da kulawar da aka saba. Sakamakon 1994 ya tabbatar da maganar Fletcher: waɗanda suka daina, huhunsu ya rage saurin lalacewa, alhali maganin shaƙa da aka haɗa a gwajin bai sauya gangarowar ba. Da aka sake waiwayarsu bayan shekara goma sha huɗu da rabi, mace-mace sun fi ƙaranci a rukunin da aka taimaka wa, duk da cewa kusan ɗaya cikin biyar ne kawai suka daina gaba ɗaya. Har yau babu wani magani a kanti da ya kai barin taba amfani ga mai wannan cuta.

Yadda allura ta tono garma a Malmo

Ta yaya hayaƙi ke rushe bangon huhu? Amsar ta ɓullo daga wurin da ba a zata ba. A 1963, a birnin Malmo na Suwidin, Carl-Bertil Laurell yana duba sakamakon gwajin jini kusan 1,500 sai ya ga a guda biyar wani layi da ya kamata ya bayyana babu shi. Shi da matashin likita Sten Eriksson suka bi sawun masu jinin, suka tarar uku daga cikinsu suna da emfisima tun da sauran ƙuruciyarsu. Abin da suka rasa wani furotin ne da hanta ke yi, alfa-1 antitiripsin, kuma gadonsa ake yi. Ba da jimawa ba Paul Gross a Pittsburgh ta Amurka ya zuba wa ɓeraye sinadarin da ake samu a gwanda, mai narkar da nama, cikin huhu, sai ga emfisima ta bayyana.

Da aka haɗa biyun sai hoto ya fito. Fararen ƙwayoyin jini da ke zuwa huhu yaƙar ƙwayoyin cuta suna ɗauke da sinadarai masu narkar da nama. Jiki yana da garkuwar da ke hana su cin naman kansa. Hayaƙi yana kiran waɗannan mayaƙa da yawa, yana kuma raunana garkuwar. Wanda aka haifa ba garkuwar, idan ya haɗa da sigari, huhunsa na iya ƙarewa yana ɗan shekara arba'in. Wannan gado ya fi yawa a jinin mutanen arewacin Turai, da wuya a same shi a baƙar fata, amma shi ya buɗe wa duniya ido kan yadda cutar ke aiki a jikin kowa.

James Hogg na Kanada ya ƙara wani ɓangaren. Tun 1968 ya nuna cewa toshewar tana faruwa ne a bututun da faɗinsu bai kai milimita 2 ba. A 2011, da na'urar hoto mai gani ƙwarai, rukuninsa a Bankuba ya gano cewa waɗannan bututu ba ƙuntata kawai suke yi ba, ɓacewa suke yi, kuma suna fara ɓacewa tun kafin emfisima ta bayyana. Ma'ana, lokacin da majinyaci ya fara haki, an daɗe da yin ɓarnar.

Hanya ta biyu zuwa cutar

Binciken da ya fi shafar mu, a ganina, shi ne wanda Peter Lange na Denmak da abokansa suka wallafa a 2015. Sun duba bayanan mutanen da aka bi fiye da shekara 20 a Amurka da Kofenhegen. Kusan rabin waɗanda suka ƙare da COPD ba saurin lalacewar huhu ya kai su can ba. Huhunsu ne tun farko bai kai cikar girmansa ba. Huhu yana gama girma ne tsakanin shekara 20 zuwa 25. Wanda ya isa wannan shekaru da huhu ƙarami, raguwar da kowa ke yi da tsufa ta ishe shi ya faɗa cikin cutar, ko bai taɓa riƙe karan sigari ba.

Me ke hana huhu cika girma? Haihuwar bakwaini, ƙarancin nauyi lokacin haihuwa, rashin abinci mai gina jiki ga uwa da jariri, nimoniya a ƙuruciya, asmar da ba a kula da ita ba, hayaƙin da yaro ya taso a ciki. Duk wanda ya san ƙauyukanmu da unguwanninmu ya san wannan jeri ba baƙo ba ne. Jaririn da ke goye a bayan uwarsa tana hura wutar ɗanyen itace a madafi marar taga yana shaƙar abin da take shaƙa, da huhun da bai gama ginuwa ba. Saboda haka rigakafin yara, abincin mai ciki da maganin nimoniya a kan kari suna cikin yaƙi da cutar da ba za ta nuna kanta ba sai bayan shekara arba'in. Kwamitin GOLD, wanda ke fitar da ƙa'idojin kula da cutar tun 2001, ya amince da wannan a rahotonsa na 2023, inda ya rarraba cutar bisa sanadinta: ta taba, ta gurɓatacciyar iska, ta gado, ta rashin cikar girman huhu, ta bayan kamuwa da cuta kamar tibi.

Abin da ke aiki, da abin da bai yi ba

Iskar oksijin ce magani na farko da aka tabbatar yana tsawaita rai. Gwaje-gwaje biyu ƙanana suka nuna haka. Na Arewacin Amurka a 1980 ya ɗauki majinyata 203, ya gano cewa masu samun iskar da dare kawai sun kusa ninka masu samunta dare da rana mutuwa. Na Birtaniya a 1981 ya ɗauki 87: cikin shekara biyar, 19 daga 42 da ke samun iskar sa'a 15 a rana suka rasu, yayin da 30 daga 45 da ba sa samu suka rasu. Amma wannan ga waɗanda oksijin ɗin jininsu ya yi ƙasa ƙwarai ne. Wani gwaji na 2016 ya nuna cewa ga masu matsakaicin ƙaranci, iskar ba ta ƙara kwana ba, ba ta rage kwanciya asibiti ba.

Akwai kuma darasin da ya kamata kowane ma'aikacin ɗakin gaggawa ya haddace. A tsibirin Tasmaniya na Ostireliya an gwada hanyoyi biyu a motocin ɗaukar marasa lafiya, aka wallafa a 2010. Waɗanda aka buɗe wa iskar da ƙarfi, kashi 9 cikin 100 suka mutu. Waɗanda aka daidaita wa ita har awon oksijin ɗin jini da ake yi a yatsa ya tsaya tsakanin 88 da 92, kashi 4 ne. A jikin mai COPD yawan oksijin na iya sa gurɓatacciyar iskar da ya kamata ta fita ta taru a jini har ya suma. 'Yan uwan majinyaci da ke roƙon nas ta ƙara buɗe tukunyar iska, da kyakkyawar niyya suke yi, amma ba kullum ne alheri ba.

Magungunan shaƙa, wato inhela, iri biyu ne a taƙaice: masu buɗe bututu da masu rage kumburi. Masu buɗe bututu na dogon zango suna sauƙaƙa haki, suna rage tashin cutar. Kan masu rage kumburi an daɗe ana jayayya. Babban gwajin TORCH na 2007 ya bi majinyata 6,112 shekara uku. Kashi 12.6 na masu shaƙar haɗin magunguna biyu suka mutu, a kan kashi 15.2 na masu shaƙar na bogi, bambancin da ya gaza da ƙiris ya cika sharaɗin masana lissafi. Tashin cutar ya ragu, amma nimoniya ta ƙaru. Sai daga baya aka gane dalilin ruɗanin: majinyatan ba iri ɗaya ba ne. Masu yawan wani nau'in fararen ƙwayoyin jini da ake kira iyosinofil su ne suka fi amfana da maganin rage kumburi; marasa shi sun fi kwasar illar. Abin daɗin shi ne ana ganin wannan adadi a gwajin ƙidayar jini na yau da kullum da ɗakunan gwaji da yawa ke yi.

Wannan fahimta ce ta haifi sabon babi. Allurar dupilumab, wadda ake yi duk mako biyu, an gwada ta a kan majinyata 939 masu iyosinofil 300 ko fiye, ta rage tashin cutar da kashi 30 cikin 100 a sakamakon 2023. Gwaji na biyu a 2024 ya samu kashi 34. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a watan Satumba na 2024, 'yan watanni bayan ta amince da ensifentirin, wani sabon maganin shaƙa. Ci gaba ne na gaske, amma kuɗin allurar a farashin Amurka ya haura dala 30,000 a shekara, kuma wani kaso ne kawai na majinyata ta dace da su.

An gwada wuƙa ma. Tunanin shi ne a yanke ɓangaren huhun da ya fi lalacewa domin sauran ya samu sarari. Gwajin Amurka na 2003 mai majinyata 1,218 ya nuna tiyatar na amfanar waɗanda cutar ta fi ci a saman huhu kuma ba su da ƙarfin motsi, tana kuma gaggauta mutuwar waɗanda suka fi jigata. A 2018 aka amince a Amurka da wasu 'yan ƙananan murafu da ake sakawa ta maƙogaro, su bar iska ta fita daga ɓangaren da ya mutu su hana ta komawa. Burin sake tsiro da huhu kuwa har yanzu bai cika ba. A 1997 Gloria da Donald Massaro sun ba da rahoton cewa wani dangin bitamin A ya sake gina jakunkunan iska a ɓeraye. Da aka gwada irinsa a mutane, bai yi ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne maganin da ya fi kowanne arha shi ne aka fi sakaci da shi. Horon motsa jiki na mako shida zuwa takwas, tafiya, tashi da zama, ɗaga abu mai ɗan nauyi, koyon fitar da numfashi a hankali ta tsukakken baki, yana rage haki, yana ƙara nisan da mutum zai iya takawa. Hujjar ta yi ƙarfin da a 2015 masu tace bincike na Cochrane suka rufe babin, suka ce babu buƙatar ƙara gwada ko yana aiki. Mai haki yana tsoron motsi, rashin motsi ya narkar da naman ƙafafunsa, raunin ƙafafu ya ƙara masa haki. Wannan zagayen ne horon yake karyawa. A Kampala an gwada shi ga waɗanda tibi ta bar wa tabo a huhu, da kayan aiki masu sauƙi, aka ga amfani. Rumfa, benci da ma'aikacin gashin ƙashi guda sun isa a fara.

Majinyacin da ba ya cikin littafi

A ƙasashe masu arziki taba ce sanadin fiye da kashi 70 cikin 100 na cutar. A ƙasashe irin namu, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya, kashi 30 zuwa 40 ne. Binciken shan taba na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2012 ya samu kashi 7.3 na maza da kashi 0.4 na mata suna shan sigari. To sauran majinyatan daga ina?

Babban aikin ƙasa da ƙasa mai suna BOLD ya auna numfashin mutanen da suka kai shekara 40 a garuruwa da dama na duniya, ciki har da Kef Tawun, Bilantaya, Limbe ta Kamaru da Khartum. Ile-Ife ce ta wakilci Najeriya, ƙarƙashin likitocin Jami'ar Obafemi Awolowo, Daniel Obaseki da Gregory Erhabor. Sakamakon 2016 ya samu toshewar numfashi a kashi 7.7 cikin 100, kuma tsohuwar tibi na cikin abubuwan da suka fi alaƙa da ita. A gundumar Masindi ta Uganda, wani binciken na 2015 ya samu kashi 16.2 cikin mutum 588, mata sun ɗan ɗara maza, kuma kusan kashi 40 na masu cutar ba su kai shekara 40 ba. Wannan ba cutar tsofaffin mashaya ba ce da littattafai suka siffanta.

Maganar tibi tana buƙatar tsayawa. Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu kamuwa, kusan rabin miliyan a shekara. Maganin kyauta ne, wata shida, kuma yana kashe ƙwayar cutar. Sai dai ranar da aka rubuta "ya warke" a kati, shirin maganin tibi ya gama da mutum, alhali tabon da ke huhunsa bai gama da shi ba. Da yawa sukan dawo da tari da haki, wasu a sake ɗora su a kan maganin tibi ba tare da an ga ƙwayar ba, saboda babu wani abin da za a ba su. Da kowane mai kammala magani zai hura a sifiromita kafin a sallame shi, da an kama da yawa da wuri.

Batun hayaƙin girki kuwa ya fi yadda ake zato sarƙaƙiya, kuma gaskiya ta wajaba a faɗe ta. Mutum kusan biliyan 2.1 ne ke girki da itace, gawayi, kara, kashin shanu ko kananzir, kuma bincike da dama sun danganta wannan hayaƙi da COPD a mata. Amma da masu aikin BOLD suka haɗa bayanan garuruwansu, ba su ga alaƙa mai ƙarfi tsakanin girkin itace da toshewar numfashi ba. Abin da ya fi fitowa fili shi ne taba, tibi da talauci. Gwaje-gwajen sauya murhu ma ba su ba da abin da aka yi fata ba. A Malawi, murhu mai ƙarancin hayaƙi bai rage nimoniya ba a tsakanin yara 10,750. A Gwatemala, Indiya, Peru da Ruwanda an gwada ba mata masu ciki murhun gas da gas ɗin kyauta, cikin gwajin da ya ƙunshi mata 3,200. Hayaƙin da suke shaƙa ya ragu sosai, amma nauyin jarirai da yawan nimoniya mai tsanani ba su sauya ba. A ɗaya ɓangaren, a lardin Guwandon na kudancin Sin an bi mutum kusan 1,000 shekara tara, aka ga waɗanda suka gyara mafitar hayaƙi a madafi ko suka koma gas, huhunsu ya fi jinkirin raguwa.

Ba na karanta wannan a matsayin wanke hayaƙi daga laifi. Gwajin shekara ɗaya ko biyu a kan jarirai ba zai auna cutar da ke ɗaukar shekara talatin tana ginuwa ba, kuma matar da aka sauya wa murhu tana nan tana shaƙar hayaƙin maƙwabta, na bola da na janareta. Abin da sakamakon ke cewa shi ne murhu shi kaɗai ba zai wadatar ba, kuma huhun talaka ta ƙofofi da yawa ake cin sa. A ƙasar Hausa ƙofofin sun haɗa da ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi, kaskon wuta a rufaffen ɗaki lokacin sanyi, ƙaiƙayin sussuka, ƙurar masu fasa dutse da masu haƙar ma'adinai, hayaƙin masu suya da na gidajen burodi, ga shisha da ta shigo wa matasa. Ile-Ife da ke dajin kudu ba za ta iya ba da amsar abin da waɗannan ke yi wa ƙirjin mutumin Katsina ko Tawa ba.

Hatta ma'aunin da ake gwada mu da shi aro ne. Na'urar tana kwatanta numfashin mutum da abin da ake sa ran samu ga mai shekarunsa da tsawonsa, kuma lissafin "baƙar fata" da aka daɗe ana amfani da shi daga baƙaƙen Amurka aka samo shi. Ya ɗauka cewa ƙaramin huhu halitta ce ga baƙin mutum, alhali wani ɓangare na ƙarancin na iya zama sawun yunwa da cuta. A 2023 ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta ba da shawarar a daina saka launin fata cikin lissafin.

Sai kuɗi. Bayan cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 da faɗuwar naira, gas ɗin girki ya yi tsadar da gidaje da yawa suka koma gawayi da itace. A watan Agusta na shekarar kamfanin magunguna na GSK ya sanar da daina gudanar da harkarsa kai tsaye a Najeriya, farashin inhela irin su Ventolin da Seretide ya ninka sau da yawa. Wanda ya kasa saye sai ya koma ga ƙwayoyin firednisolon da deksametason na kemis, masu arha, masu kawo sauƙi nan take, waɗanda idan aka daɗe ana sha suke jawo ciwon suga, hawan jini, raunin ƙashi da sauƙin kamuwa da cuta. Ga kuma camfin cewa wanda ya fara inhela ba ya rabuwa da ita. Ba ta sa maye, ba ta kama jiki. Maganin da aka shaƙa kai tsaye yake zuwa huhu, da ƙaramin awo, shi ya sa illarsa ba ta kai ta ƙwaya ba. Dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara da sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, amma kowa ya san abin da ke kan teburin mai shago.

Aikin da ke gaban asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato, Maiduguri da Yamai a bayyane yake: su auna numfashin jama'arsu gida-gida kamar yadda aka yi a Ile-Ife, su bi waɗanda suka gama maganin tibi, su bi mata masu sana'ar wuta shekara da shekaru. Gwamnatocin jihohi su sa sifiromita da wanda ya iya aiki da ita a kowane babban asibiti, su sa inhela cikin magungunan da inshorar lafiya ke biya.

Mai karatu kuma, idan kai ko wani naka ya haura shekara 40 yana fama da tarin da ya ƙi ƙarewa, ko hakin da ke ƙaruwa shekara bayan shekara, musamman idan ya sha taba, ya taɓa yin tibi ko ya daɗe yana aiki cikin hayaƙi da ƙura, kada a tsaya a kemis. A je asibiti a fara da gwajin tibi, idan babu, a nemi a yi masa awon numfashi.